Sun laƙaba mini "Chop-chop" a wurin aiki: in yi magana ko in yi shiru?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 34. Shekara biyu ke nan ina aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke arewacin Ingila. Tun makon da na fara, shugabar sashenmu, wata Baturiya, idan ta gifta ta gefena sai ta tafa hannu sau biyu ta ce "chop-chop". Ni kuwa da na taso ina jin buroka, abin da na sani "chop" ci ne. Ranar farko da ta faɗa mini, da hantsi, sai na ce mata na gode, na riga na karya. Duk wanda ke wurin ya kwashe da dariya. Daga baya wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta ce ai cewa take in yi sauri. Tun daga ranar wasu mata biyu suka mai da shi sunana, har sabbin ma'aikata suna kwaikwayonsu. Ita ma shugabar ba ta daina ba, ko da kuwa ina tsakiyar yi wa tsohuwa wanka ne. Maigidana ya ce in toshe kunne, tunda bizarmu a hannun wurin aikin take. Amma na fara jin faɗuwar gaba duk wayewar gari. Makon jiya, saboda na jiyo tafinta a bakin ƙofa, na yi gaggawar ɗaga wata tsohuwa daga kujera ni kaɗai, saura ƙiris mu zube tare. Anti, kalmar nan zagi ce? Daga ina ta fito? In yi magana ko in haƙura?

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da ladan aiki. Wanda yake wanke tsohon da ba nasa ba, ya ba shi abinci a baki, ya juya shi a kan gado da tsakar dare, babban aiki yake yi ko da biyansa ake.

Bari in fara sauke miki kunyar ranar farko, domin na lura ita ce ta ɗaure miki baki har tsawon shekara biyu. Ba jahilci kika nuna ba. Daga Saliyo har Kamaru, duk inda ake buroka, "chop" ci ne. A Ghana ƙaramin gidan abinci ma "chop bar" ake ce masa, 'yan'uwanmu na zangon Kumasi shaida ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford, wanda su kansu Turawan suke komawa gare shi idan gardama ta kaure a kan kalma, ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya. Akwai Kannywood a ciki, akwai okada da danfo, kuma akwai "chop" da "chop-chop". Ma'anar da aka rubuta wa tamu "chop-chop" ɗin ita ce cin hanci da wawure dukiyar jama'a, wato cin nan dai da muke faɗa da Hausa idan muka ce wane ya ci kuɗin gwamnati. Ke nan kalmomi biyu ne masu sauti ɗaya, kowace da asalinta, suna zaune cikin ƙamus ɗaya. Ke kin zo da ɗaya daga gida. Waɗanda suka yi miki dariya su ma ɗaya suka sani.

Tasun kuwa ba ma haifaffiyar Ingila ba ce. Daga ƙasar Sin ta taso, daga birnin Kanton na kudancin ƙasar, wanda yau ake kira Guangzhou. Daga 1757 zuwa 1842 sarakunan Sin sun taƙaita cinikin Turawa na teku a wannan tasha guda. Turawan suna zuwa sarin ganyen shayi da siliki da tangaran, a ajiye su a wani ɗan yanki na bakin kogi a bayan ganuwa. Ba su da izinin shiga cikin birni, kuma hukuma ta hana 'yan ƙasa koya musu harshen Sin. To ciniki ba ya jiran malami. Dillalai da masu kwalekwale da 'yan dako da barorin gida suka ƙera wani Turanci na kasuwa, kalmomin yawanci na Ingilishi, ginin jimlar kuwa ya fi kama da na Sinanci. Irin buroka ce, tasu ta can. Har sunan da Turawa suke kiran irin wannan harshe da shi, "pidgin", yawancin masana sun tafi a kan cewa ya fito ne daga yadda mutanen Kanton suke furta kalmar "business".

A cikin wannan Turancin kasuwa ne aka sami "chop-chop", ma'anarta a yi sauri. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da aka gan ta a rubuce shi ne wata jaridar Turanci da ake bugawa a birnin, Canton Register, a 1834. Masana sun yi saɓani a kan ainihin kalmar Sinancin da kunnen Bature ya ji ya mai da ita "chop", amma duk waɗanda ake ambata ma'anarsu sauri ko gaggawa. Ninka kalmar sau biyu kuwa ba baƙon abu ba ne a kunnenki. Mu ma haka muke yi: maza-maza, yanzu-yanzu, sauri-sauri. 'Yan buroka su ce "sharp-sharp". Da a ce za a nemi fassararta da Hausa kalma guda, maza-maza ce, ba ƙari ba ragi.

Akwai wani ɗan labari da nake so a nan, don ki ga ashe ko a Turancin nasu ci da sauri sun taɓa haɗa hanya. Tsinken nan biyu da Sinawa suke cin abinci da shi, tsohon sunansa a harshensu yana kama da kalmar "tsaya". Masu jiragen ruwa kuwa sun camfa ambaton tsayawa, don ba mai son jirginsa ya cije, sai suka juya sunan ya koma mai kama da kalmar "sauri", kuma shi ne ya bi bakin jama'a har yau. Da yawa daga masana suna ganin sunan da Turawa suke kiran tsinken, "chopsticks", wannan "chop" ɗin ta sauri ce a gabansa.

Daga Kanton ma'aikatan jiragen ruwa suka ɗauko kalmar suka yaɗa ta. A nan ne ta ɗauki halin da ya dame ki. A bakin Turawan zamanin mulkin mallaka ta zama maganar maigida ga bara, ta mai kaya ga ɗan dako, ta wanda yake zaune ga wanda yake ɗauke da nauyi. Shi ya sa har yau akwai 'yan asalin Sin a Birtaniya da Amurka da ba sa son jinta, suna ɗaukarta kwaikwayon ba'a ga harshen kakanninsu. Amma in yi adalci, akasarin Turawan da suke faɗarta yanzu ba su san wannan tarihi ba. A bakin iyayensu suka ji ta. Uwa ce take faɗa wa yara da safe idan za a makara makaranta, sau da yawa da tafin nan guda biyu. Aboki yana faɗa wa aboki cikin raha. Ba a rubuta ta a takardar aiki, kuma ba a faɗa wa na gaba.

Wannan na ƙarshen shi ne amsar tambayarki. Ki auna da maza-maza ɗinmu. Uwa ta ce wa ɗanta "maza-maza je ka sayo mini gishiri", ba wanda zai ɗaga kai. Ƙawa ta ce wa ƙawa, sai a yi dariya. Amma ke za ki iya tsayawa a kan surukarki ki tafa hannu ki ce "maza-maza"? Ko mota ce za ta tashi ta bar ku, sai dai ki rusuna ki ce "Hajiya, rana fa tana yi". Kalmar ɗaya ce, wanda ake faɗa wa ne ya bambanta. Haka "chop-chop" take, daga sama take gangarowa ƙasa. Ki tambayi kanki ko shugabar taku za ta faɗa wa manajan gidan, ko 'yar wata tsohuwa da ta zo dubiya, ko jami'in hukumar CQC mai duba gidajen kula da tsofaffi a Ingila. Ba za ta faɗa ba. Turanci yana da hanyoyin neman a hanzarta cikin mutunci, ta san su sarai, da su take magana da waɗancan mutanen.

Saboda haka ba ashar ba ce, kuma ba lallai tana nufinki da sharri ba. Amma magana ce da ake yi wa yaro, ke kuwa mace ce mai shekara 34, matar aure, ma'aikaciya. Tafin ya ƙara mata muni, mu a wurinmu kaji ake kora da tafi. Ɓacin ran da kike ji yana da dalili, kada wani ya ce miki kin cika ƙorafi.

Kafin ki buɗe baki, ki ɗauki mako biyu ki sa ido. Kowa take yi wa, har da Turawa 'yan'uwanta, ko kuwa ku baƙi kaɗai? Idan kowa ne, to hali ne na baki, mai yiwuwa na matar da ita ma ake matsa wa daga sama saboda ƙarancin ma'aikata, kuma irin wannan magana ɗaya mai kyau takan gyara shi. Idan kuwa kin lura baƙaƙe da 'yan wasu ƙasashe kaɗai ake tafa wa hannu, lamarin ya canza, sai ki fara rubutawa: rana, lokaci, abin da aka faɗa, wanda yake wurin. A littafinki na gida za ki rubuta, kuma kada ki sa sunan kowane tsoho a ciki, don sirrinsu amana ce a wuyanki.

Ko wanne ne, shawarata ki yi mata magana. Na san abin da ya hana ki. Mu an raine mu da kawaici: a ɓata maka ka kau da kai, mai hankali zai gane daga shirunka cewa ya yi ba daidai ba. Wannan yana aiki a tsakaninmu domin duk mun san karatun shiru. A can ba su iya wannan karatun ba. Shirunki na shekara biyu, a wurinta, shaida ce cewa abin bai dame ki ba. Murmushin kunyar da muke yi idan an muzanta mu kuwa, su suna ɗauka muna jin daɗin wasan ne. Ba ta da hanyar sanin abin da ke ranki sai kin faɗa.

Ki same ta ita kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ba kuma da safe lokacin da kowa yake kai-kawo ba. Ki ce kina neman minti biyar. Kada ki ɗauko mata tarihin Kanton, wannan naki ne don ki san abin da kike ji, idan kika fara da shi za ta ji kamar tuhumarta kike da wariyar launin fata, sai ta shiga kare kanta maimakon saurare. Ki tsaya a kan aiki. Ki ce mata idan ta tafa hannu ta faɗi kalmar alhali kina tare da tsohuwa, hankalinki yana rabuwa, tsohuwar ma tana firgita. Ki roƙe ta idan akwai abin da ke jira ta faɗa miki mene ne, da ƙarfe nawa ake son a gama. Wannan buƙata ce da duk shugaba mai hankali zai karɓa, don ta fi "chop-chop" amfani gare ta ita ma: wadda aka ce wa "ɗaki na shida yana jiranki kafin ƙarfe tara" ta san yadda za ta tsara kanta, wadda aka tafa wa hannu kuwa ruɗewa kawai za ta yi.

Maganar sunan da aka laƙaba miki ta fi ta shugabar nauyi a wurina. Ita kalma take faɗa, su kuwa sun ɗauke sunan da mahaifinki ya raɗa miki da rago sun maye shi da abin dariya, kuma tushen dariyar shi ne ke baƙuwa ce mai wani Turanci daban. Ki samu kowace a cikin su biyun ita kaɗai, fuska ba murmushi ba kuma faɗa, ki faɗi sunanki ki ce da shi kike so a kira ki. Idan aka ce ai wasa ne, ki ce kin sani, amma ba kya so. Daga nan duk wadda ta sake kiranki da shi kada ki waiwaya. Sabbin ma'aikatan ki gyara musu tun ranar farko, su ba su san komai ba, abin da suka tarar suke bi.

Idan aka ci gaba bayan kin faɗa, doka tana gefenki. Dokar daidaito ta 2010, wadda take aiki a Ingila da Wales da Scotland, ta haramta muzantawa a wurin aiki idan tana da nasaba da launin fata ko ƙasar da mutum ya fito ko ƙabilarsa. Abin da take dubawa ya haɗa da tasirin abin a kan wanda aka yi wa, ko ya taɓa mutuncinsa ko ya mai da wurin aiki wurin wulaƙanci a gare shi, don haka "ban yi nufin komai ba" ba ya wanke mutum shi kaɗai. Dokar ta kuma haramta a hukunta ma'aikaci saboda ya kai irin wannan ƙara. Akwai hukumar ACAS da take ba ma'aikata shawara kyauta ta waya, kina iya kiransu ba tare da wurin aikinki ya sani ba. Kuma idan ba ki cikin ƙungiyar ƙwadago, irin su UNISON ko GMB da suke da ma'aikatan kula da tsofaffi da yawa, ki shiga tun yanzu, domin ƙungiyoyin ba su cika karɓar rigimar da ta riga shigar mutum ba.

Tsoron maigidanki ba na banza ba ne, kada ki raina shi. Bizar irin aikinku a ɗaure take da wanda ya ɗauke ki, kuma idan aiki ya ƙare yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani wurin ko ya bar ƙasar. Magidancin da yake lissafin kuɗin haya da na 'yan'uwan da ke jiran aike a gida dole ya ce a bi a hankali. Ki zauna da shi ki nuna masa cewa abin da za ki yi ba faɗa ba ne, ba kuma ƙara ba ce, magana ce ta minti biyar a bayan ƙofa. Sannan ki ba shi labarin tsohuwar nan, idan ba ki ba shi ba. Zai gane da kansa cewa shirun ne ya kusa jawo abin da yake gudu.

Domin a duk wasiƙarki, wannan layin ne ya hana ni sukuni. Kowane tsoho a gidan yana da takardar tsarin kula da shi, a ciki an rubuta ko mutum ɗaya ne zai tashe shi, ko biyu, ko sai da na'urar ɗagawa. Idan an rubuta biyu, to biyu ne, ko wa yake tafi a bakin ƙofa. Karayar ƙugu ga mai shekara tamanin ba ƙaramin ciwo ba ce, da yawa ba sa sake takawa kamar da, wasu ma ita ce ajalinsu. Da kun faɗi a ranar, sunanki ne zai hau takardar bincike, kuma babu inda za a rubuta cewa wata ta ce "chop-chop". Ga kuma bayanki, wanda da shi kike neman abinci. Masu ciwon mantuwa kuwa, kin fi ni sani, gaggawa da ƙara suna ruɗa su, su ƙanƙame jiki ko su ƙi wanka gaba ɗaya, aikin minti ashirin ya koma na awa. Sauri ya haifi nawa ke nan a zahiri.

Zan kuma faɗa miki wata gaskiya, don ban ga aikinki da idona ba. Ki duba ko akwai inda lokaci yake zube miki ba dalili. Kina haɗa tawul da sabulu da kayan sawa da safar hannu kafin ki shiga ɗaki, ko sai kin fara kike komawa ɗauko abu? Ki tambayi wadda ta fi daɗewa a sashen yadda take jera ɗakunanta da safe. Hausa ta raba hanzari da garaje, kuma hanzari a shirya kaya da tafiya tsakanin ɗakuna abu ne mai kyau da za ki iya ƙarawa. Amma da zarar hannunki ya taɓa jikin tsoho, saurinsa ake bi. Idan kuma duk da haka aikin safe ya fi ƙarfin hannuwan da ke akwai, wannan matsalar manaja ce, shi ya kamata ya ƙaro mutane, ba ke za ki cike giɓin da jikin tsohuwa ba.

Abin da ya faru makon jiya, ki rubuta shi a takardar rahoton haɗarin da aka tsallake, ko wace irin hanya gidanku yake bi. Ki faɗi gaskiya, har da cewa ke kaɗai kika ɗaga ta, da abin da ya sa. Na san zai yi miki nauyi, kuma mai yiwuwa a ja miki kunne ko a sake tura ki horo. Wannan ya fi a ji daga bakin wani. Idan da hali ki fara yi wa shugabar maganar kafin ki miƙa takardar, don kada ta ga kamar ta bayanta kika bi.

Ki sake rubuto mini bayan wata guda in ji yadda kuka yi da ita, da ko sunanki ya dawo bakinsu. Ki gaida maigida, Allah ya tsare ku a ƙasar mutane.